Kafaɗar Mai Takaba

Ƙamshin ya riga ni fara aiki. Ina murɗe murfin kwalbar, sandal da kanumfari da ɗigon humra suka tashi suka cika ɗakin da aka rufe tagoginsa, suka bi ta ƙarƙashin ƙofa suka fita tsakar gida. Ni kuwa ina durƙushe a gefen tabarma ina murza tafukana don su yi ɗumi, raina fes, domin man nan ni na haɗa shi da kaina, kuma duk matar da na shafa wa shi sai ta tambayi inda ake sayarwa. A wannan safiya na yi kuskuren da ya fi kowane girma a aikina.

Ku nake ba labarin, ƴan matan da ke zuwa shagonmu a unguwar Yantala ta Yamai kuna cewa a koya muku tausa kafin hutun lakwal, wato makarantar boko, ya ƙare. Makon jiya wata a cikinku ta ce mini, "Yaya Balkisa, ai shafa mai ne da matsawa, me zai ci shekara?" Ban ji haushi ba. Ni ma abin da na ce ke nan shekara tara da suka wuce, lokacin da na gama karatun adabi a jami'a ina zaman jiran aikin da bai zo ba, ciwon wuya ya kai ni wurin Tanti Zali.

Tanti Zali Bazabarmiya ce. Ta daɗe tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti kafin ta buɗe shagonta, kakarta kuma ungozoma ce a ƙauyensu na bakin kogi, saboda haka ilimi biyu ta haɗa. Ranar da na ce ina son koyo, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Hannuna ta kama ta juya, ta dubi faratana dogaye da suka sha lalle.

"Waɗannan na rubuta waƙa ne ko na yanka mutane?"

Ta miƙo mini almakashi. Wata huɗu ban taɓa jikin kowa ba. Ina wanke tawul, ina dafa ruwa, ina narkar da man kaɗanya a ƙaramar tukunya har sai na gane ɗuminsa da bayan hannu ba tare da na tsoma yatsa ba. In babu mutane, sai ta sa ƙwayar wake ƙarƙashin zane ninki huɗu, ta ce in rufe ido in nemo. Da na iya, ta koma ƙwayar gero da ninki takwas. Ta ce haka ƙullin jijiya yake ɓuya a bayan mutum. Da rana kuma ta buɗe mini tsohon littafinta mai hotunan tsoka da ƙashi, in haddace sunayensu da Faransanci. Wannan ɓangaren ne kaɗai ya zo mini da sauƙi.

Bayan farko da na tausa nata ne. Ta kwanta a kan tebur mai rami wurin fuska, na fara.

"Balkisa, laifi kika yi mini? Kina taɓa ni kamar mai ba da haƙuri."

Na ƙara ƙarfi.

"Yanzu kuma fura kike daka. Ɗiyata, ƙarfi daga ƙugu yake fitowa. In kika yi aiki da yatsu, shekara uku za su mutu su bar ki."

Mata kawai muke yi wa aiki. Da sannu na fara karanta sana'ar mace a jikinta kafin ta faɗa. Masu sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, ƙugunsu ne ke ciwo saboda zaman benci. Sakatarorin ma'aikatu, wuya da tsakanin kafaɗu. Teloli, ƙafar dama. Masu jego kuwa, ko'ina. Na kuma koyi lokacin da ba a taɓawa. Wata rana wata mai abinci ta zo da sha-raɓarta a kumbure, da zafi kamar an ɗora garwashi, tana roƙo a matsa mata. Tanti ta ɗora bayan hannu sau ɗaya ta janye, ta fita da kanta ta tsayar da taksi, ta ce a wuce da ita asibiti. Matar ta tafi tana faɗa. Tanti ta ce gara ta yi faɗa tana raye.

Sai shekarar korona ta zo. A sauran sana'o'i ciniki ne ya ragu. Mu kuwa sana'ar ce gaba ɗaya ta zama abin tsoro, tun da an ce kada mutum ya ba ɗan'uwansa hannu, balle ya ɗora tafi biyu a bayansa. Aka rufe masallatai, aka tsare hanyoyin shiga Yamai, Tanti ta sa kwaɗo a shago ta koma gida. Ni ina zaune a unguwar Kalley wurin innata. Wani tela Bamaraɗe maƙwabcinmu ya samu aikin ɗinka takunkumin rufe baki da hanci, na riƙa taya shi zura roba. Kowace Juma'a Tanti ta kira ni a waya.

"Kin taɓa mutum a makon nan?"

"A'a, Tanti."

"Innarki ba ta da ƙafa? Hannu in ya kwana biyu bai yi aiki ba, kurma yake zama."

Ana cikin haka, bayan an fara sassautawa, wata mata mai suna Ramatu ta kira ni. Na taɓa yi mata aiki a shago. Ta ce mahaifinta ya rasu wata biyu da suka wuce, mahaifiyarta Hajiya Mariyama tana takaba a gidansu na unguwar Koira Kano, kuma kafaɗarta ta dama ta riƙe. Likita ya duba ya ce ba karaya, ba gocewa, daskarewa ce, sai an riƙa motsa ta. Ita Ramatu tana da tsohon ciki, an hana ta kusantar gidan saboda cutar. Na ce Allah ya jiƙan Malam, na ce gobe da hantsi ina tafe.

A nan nake so ku buɗe kunne. Na san matar tana takaba. Tun ina ƴar islamiyya na san mai takaba ba ta sa turare, ba ta sa kwalli, ba ta ƙunshi, har wata huɗu da kwana goma su cika. Da an tambaye ni a jarrabawa da na ci. Amma a tunanina kwalbar nan ba turare ba ce, kayan aiki ce, kamar tawul. Wata uku ban yi aiki ba, ɗoki ya cika ni, na ɗauki mafi kyawun abin da nake da shi na jefa a jaka.

Na samu Hajiya zaune a tabarma cikin zane da riga marasa ado, doguwar mace da ta rame, hannunta na dama a manne da ciki kamar tana riƙe da wani abu da ke shirin faɗuwa. Ta amsa gaisuwata a hankali. Na buɗe kwalba, na zuba a tafi, na ɗora a kafaɗarta. Ta zabura kaɗan. Shafa ɗaya na yi aka banko ƙofa.

"Wace amarya aka kawo gidan ƙanena?"

Gwaggo Habsu ke nan, yayar marigayin, wadda ta zo daga Damagaram zaman makoki, rufe hanya ya tsare ta, ta zauna tana tsaron takabar. Gajeriya ce, fuskarta a ɗaure, carbi a naɗe a wuyan hannu.

"Ke ƴar wa? Ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, ana barbaɗa humra a ɗakin matarsa! Ba a yi miki tarbiyya ba ne, ko a lakwal ɗin ne aka ce muku mutuwa ba komai ba ce?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, magani ne..."

"Magani! Ni ma na yi aure, na san irin maganin."

Ta fita ta dawo da ruwa da sabulu ta dangwarar gaban Hajiya, ta ce ta wanke. Ina kallo Hajiya ta miƙa hannun hagu tana ƙoƙarin kai shi bayan kafaɗa. Gwaggo ta buɗe tagogi duka, ta nuna mini ƙofa.

"Ko likitan Makka ne, ba mai sake taɓa ta sai ta fita takaba."

Saura kwana saba'in.

Na hau kabu-kabu na wuce gidan Tanti a Yantala. Na iske Tanti a gindin bishiya tana tsinkar zogale. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Wane mai kika shafa?"

"Nawa."

"Mai sandal ɗin? To, tsohuwar ta fi ki gaskiya."

"Tanti, sai a jira ta fita ke nan?"

"Kafaɗa ba ta san takaba ba. In ta ƙara kwana saba'in a manne, shekara za a yi ana fama, kuma ba lalle ta koma daidai ba. Matar nan za ta tsufa wani na ɗaura mata kallabi."

Na ce to ta je da kanta, ita babba ce, za a ji maganarta.

"Ni na shafa?"

Ta gaya mini abin da zan yi. Kwana uku kada in kusanci turaren wuta. In wanke kayan da zan sa da sabulu maras ƙamshi, in shanya a rana. In sayi sabon tawul. In je wurin matar da ke kawo man kaɗanya daga wajen Gaya in karɓi ɗanye, wanda ba a haɗa da komai ba. Sannan ta ce, "Ba Hajiya za ki miƙa wa ba. Tsohuwar za ki miƙa wa. Hancinta ne ƙofar gidan nan."

Ranar Alhamis da hantsi na koma. Gwaggo tana baranda tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta bar ni a durƙushe har ta gama gefe ɗaya na faifan. Na ce na yi laifi, na san hukuncin kuma na take shi, na zo neman gafara. Na miƙa mata robar man da hannu biyu. Ta buɗe ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta jawo gefen mayafina ta shinshina. Ta kama wuyan hannuna ta shinshina.

"Yau kin zo kamar ƴar mutane. Wannan warin kam, ko mahaukaci ba zai ce da shi turare ba."

Na fito da takardar likita da Ramatu ta aiko mini.

"Mayar da abarki. Takarda ba ta da hanci. Na riga na yi magana, sai ta fita."

Daga cikin ɗaki sai muka ji muryar Hajiya, da ƙarfin da ban zata tana da shi ba.

"Yaya, ko shafar kai a alwala da hannun hagu nake yi."

Gwaggo ta riƙa juya ƙwayoyin shinkafa da yatsa. Can ta ajiye faifan.

"Ƙofa a buɗe. Ni kuma ina ciki."

Kafaɗar da ta daskare ba daga kanta ake fara mata ba. Na jiƙa tawul da ruwan zafi na matse na ɗora, na bar shi ya yi aikinsa. Sannan na sa tafina tsakanin allunan bayanta, ban motsa ba. Tanti ta koya mini cewa jiki kamar gida yake, sai ka yi sallama ka jira a amsa. Bayan Hajiya ya yi tauri kamar ƙofar katako. Na jira. Numfashi na farko gajere, na biyu gajere, a na biyar ko na shida sai na ji haƙarƙarinta ya buɗe ƙarƙashin hannuna, ta saki wani dogon numfashi da ya girgiza ta. Hawaye suka fara ɗiga a tabarma.

Wannan yana faruwa a aikinmu fiye da yadda kuke zato, kuma akwai ƙa'idarsa. Ba a janye hannu, ba a tambaya, ba a cewa a yi haƙuri. Ana ci gaba da aiki a hankali.

Ita ce ta yi magana, fuskarta na kallon bango.

"Hannunki da ɗumi, ɗiyata. Tun ranar da motar asibiti ta fita da Malam ba wanda ya taɓa jikina. Sati biyu suka rufe ni a ɗakin nan, a bakin ƙofa ake ajiye kwano. Masu ta'aziyya daga tsakar gida suke yi su juya. Har na fara tunanin ko ni ma na mutu ne ba a gaya mini ba."

Gwaggo tana zaune a kusurwa a kan kujera ƴar tsuguno. Ƙarar carbinta ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Muka shirya Litinin da Alhamis. Kowane zuwa sai na bi ta hancin Gwaggo kafin in shiga, kuma kowane zuwa tana kusurwarta, idonta a kaina, bakinta bai hutawa.

"Ciwo na kafaɗa, ke kina can wuya. Ɓata kika yi?"

"Jijiyar daga nan ta taso, Gwaggo. In ba a kwance ta a sama ba, ƙasa ba ya saki."

"Uhm. Wannan juyin kuma kamar mai niƙa, sau nawa za ki yi?"

"Goma, sai a huta, sai a ƙara goma."

"In ta ce wash fa? Ko sai kin ɓalle hannun?"

"Daidai bakin zafin ake tsayawa. Ba a tsallakawa."

"Wannan ɗin ne aka yi shekaru ana koyo. Allah mai iko."

Na saba da ita har na daina jin zafin maganarta. Ina amsawa kamar ɗaliba gaban malama mai tsanani. A ƙarshen kowane zama sai in tsayar da Hajiya gaban bango, ta sa yatsunta su hau a hankali kamar gizo-gizo, inda suka tsaya in ja layi da gawayi. Layin farko daidai ƙirjinta yake. Bayan sati biyu ya kai haɓa. Bayan wata ya wuce goshi. Abin da littafin Tanti ya ce sai a hankali, a nan yana gudu. Fatar kafaɗar da na samu a bushe ta yi laushi, Hajiya ta fara cin abinci sosai, har wata rana na iske ta tana dariya ita kaɗai saboda wani abu da aka faɗa a rediyo.

Na kai wa Tanti labari ina murna. Ta ɗago ta dube ni.

"Sau biyu a sati kike zuwa?"

"Sau biyu."

"To. Allah ya ƙara albarka."

Ranar fita takaba na je da safe. Mata sun taru a tsakar gida ana toya masa ta sadaka, Ramatu ta zo da jaririnta a goye. Hajiya ta yi wanka da kanta, ta fito cikin sabon zane, aka miƙo mata kallabi. Wata ta taso za ta ɗaura mata, ta ce a bari. Ta ɗaga hannu biyu sama da kanta, ta kewaya, ta ƙulla a ƙeya. Hannun dama ya ɗan yi rawa, amma ya kai. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka ce mata ba biki ba ne, ta ce ita dai ta riga ta yi. Da zan tafi Gwaggo ta cika mini kwano da masa, ta ce, "Ba laifi." Daga bakinta wannan lambar yabo ce.

Daga nan aiki ya dawo, kuma sunan Hajiya ne ya buɗe mini gidajen Koira Kano ɗaya bayan ɗaya. Mutane sun fito daga shekarar nan da yunwar da ba ta abinci ba. Matan da a da suke zuwa don ciwon ƙugu suka riƙa zuwa ba tare da sun iya faɗin inda ke ciwo ba. Ni kuwa duk wadda ta zo koyo sai na ba ta labarin kafaɗar nan, yadda na kwance ta cikin kwana saba'in da zuwa biyu a sati. Shekara uku ina ba da shi a haka.

Sai Ramatu ta sake haihuwa, ta kira ni tausar jego a gidan mahaifiyarta. Na samu Hajiya a baranda ta ɗora jaririyar a kafaɗar dama tana jijjiga ta. Muka gaisa, na tambayi Gwaggo. Ta ce tana Damagaram, ƙafa ta fara ba ta wahala, amma baki na nan lafiya lau, kullum sai sun yi waya.

Na ce, "Allah sarki Gwaggo. Ta ba ni wuya, amma mun ci nasara duk da haka."

Hajiya ta yi dariya har jaririyar ta motsa.

"Balkisa, sati kwana nawa ne?"

"Bakwai, Hajiya."

"Ke kina zuwa biyu. Sauran biyar ɗin fa?"

Na ajiye robar mai na zauna kusa da ita, ta ci gaba.

"Tun ranar Juma'ar farko, bayan na idar da walaha, Yaya Habsu ta shigo da tawul da ruwan zafi, ta ce in juya in ba ta baya, kada in yi mata surutu. Daga wuya take farawa, yadda kika ce. Tana ƙirga goma da ƙarfi, in ta manta wani abu sai ta jira ki zo ta tsokane ki ki faɗa. Shekara talatin da ɗaya ina auren ƙanenta, ko a gaisuwar salla matar nan ba ta taɓa ba ni hannu ba. Sai ga shi kullum tafinta a bayana, tana yi tana ba ni labarin Malam yana yaro, mu yi kuka, mu yi dariya."

Ta gyara wa jaririyar kwanciya.

"Ta sa na yi mata alkawari ba zan gaya miki ba sai ta bar gari. Ta ce kada ƴar lakwal ɗin nan ta ce ta sace mata sana'a."